Ƙwai huɗu sun rage mini a asibiti, ina zan kai su?

Maman Tagwaye: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya cika mini ciki. Shekara 11 na yi a ɗakin miji ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Wadda ta yi irin wannan zaman ita ta san shi: ki je sunan ƙanwarki ki yi ta hidima da fara'a, ki dawo gida ki kulle ƙofa ki yi kukanki. Rubutu na sha, saiwa da sassaƙe na sha. Daga ƙarshe maigidana ya sayar da filinsa na gado, muka je wani asibiti a Abuja aka yi mana dashen ciki, wanda ake ce wa IVF. Ƙwai 14 aka ciro mini, aka haɗa da maniyyinsa, 6 suka yi kyau. Aka mayar mini da 2, cikin ikon Allah duka suka kama. Hassana da Usaini yanzu shekararsu uku.

Sauran 4 ɗin suna can a daskare. Shekaranjiya ina tsakar tuƙa tuwo aka kira ni daga asibitin, aka ce kuɗin ajiya ya ƙare, in zaɓi ɗaya cikin uku: in sake biya, ko a zubar, ko in bayar da su, ko dai ga wasu ma'aurata ko don bincike. Sai da na sauke tukunyar na zauna a ƙasa. Haihuwar tagwayen da tiyata aka yi, jinina ya hau har na yi jijjiga, likita ya ce in yi dogon tunani kafin in sake ɗaukar ciki. Amma duk sanda na tuna da su sai zuciyata ta ce mini Gambo na can cikin sanyi yana jirana. Don Allah masu ilimi, me addini ya ce, me doka ta ce?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raya miki su Hassana. Ni dai ban yi karatun zamani ba, amma abin da ya fito daga jikinki da na mijinki ai ɗanku ne. Ki je a mayar miki da abinki gaba ɗaya, wanda Allah ya rubuta zai taka ƙasa ya taka.

Likitar Mata: Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma mayar da huɗu a lokaci guda ga macen da ta taɓa jijjiga kuma aka yi mata tiyata, jefa ta cikin haɗari ne ita da abin da ke cikin. In ma za a mayar, ɗaya bayan ɗaya ne, bayan an duba lafiyarta sosai.

Bari in faɗi abin da ke cikin tukunyar sanyin da ake ajiye su a asibiti don mu san a kan me muke magana. Yawanci ana daskarar da ɗan tayi ne a kwana na 5 bayan haɗuwar ƙwai da maniyyi. A lokacin ɗan dunƙule ne na ƙwayoyin halitta ɗari da wani abu, bai kai ɗigon biro ba, babu zuciya, babu jijiya. Ana sa shi cikin wani siririn tsinke mai ɗauke da sunan mai shi, a nutsa a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. A wannan sanyi komai na tsayawa cak. A 2022 an haifi tagwaye a Amurka daga 'yan tayin da aka daskarar tun 1992, shekara 30 ke nan.

Dalilin da ya sa ake samun ragowa kuwa, allurar da ake yi wa mace don ƙwai su nuna da yawa tana da tsada da wahala, kuma babu wanda ya san nawa ne za su yi kyau. Gara a haɗa da yawa a ajiye da a sake maimaita mata wahalar daga farko.

Malam Na Zaure: Bismillah. 'Yar uwa, ki kwantar da hankalinki, malamai sun riga mu zama a kan wannan. An haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Ingila a 1978, a 1980 kuma Muftin Masar na lokacin, Shaikh Jadul Haƙ, ya ba da fatawar halascinsa da sharaɗi: ƙwan matar, maniyyin mijinta, mahaifarta ita kanta, kuma auren yana nan. A 1986 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman ta duba hanyoyi bakwai, ta haramta biyar ta halatta biyu. Duk biyar ɗin nan abu ɗaya ya haɗa su: shigowar mutum na uku. Tsare nasaba yana daga manyan abubuwan da shari'a ta zo don su, Allah ya ce a kira 'ya'ya da sunan ubanninsu.

Saboda haka bayar da su ga wasu ma'aurata, wannan ƙofa a rufe take. Game da ragowa, majalisar nan ta sake zama a Jidda a 1990 ta ce tun farko a taƙaita a kan adadin da ake buƙata, in kuma an samu ragowa a bar su ba tare da kulawar likita ba har rayuwarsu ta ƙare da kanta, kuma a ɗauki matakin hana sa su a jikin wata mace.

Ummu Haidar: Allah gafarta Malam, to in tana da kishiya fa? Ai miji ɗaya ne, uban bai canza ba. Ni da abokiyar zamana lafiya muke zaune, da za ta nemi in ɗaukar mata ciki wallahi zan ɗauka.

Malam Na Zaure: Allah ya saka miki da wannan zuciya. Tambayarki ta taɓa raba kan manya. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta halatta wannan a 1984, sai ta dawo a 1985 ta janye. Hujjarta ita ce kishiyar nan matarsa ce, yana kusantarta, tana iya ɗaukar nata cikin a kwanakin da aka yi dashen, a rasa gane wanne ne ɗan wa. Sannan wace ce uwa, mai ƙwai ko wadda ta yi naƙuda? Gado da muharramaka duk sun rataya a kan amsar.

Baban Khalil: Malam, ni fa hankalina bai kwanta da maganar a bar su su mutu ba. Mu Malikawa ne. Abin da muka taso muka ji a zaure shi ne da zarar maniyyi ya zauna ba a fitar da shi ko da bai kai kwana 40 ba. To wannan da har ya haɗu ya fara rabuwa, mu ce a ciro shi daga sanyi a ajiye a kan tebur? Mene ne bambancinsa da zubar da ciki?

Malam Na Zaure: Gaskiyarka, mazhabarmu ita ta fi tsauri a wannan babi. Amma ka lura da lafazin: wanda ya zauna a mahaifa. Ciki ba ya zama ciki sai da mahaifa. Mace mai ƙwai huɗu a asibiti ba a ce mata mai juna biyu, ba ta iddar mai ciki, ba a ajiye wa ƙwan kason gado. Busa rai kuma, a hadisin Ibn Mas'ud, bayan arba'in uku ne, kwana 120. Wannan bai sa ya zama abin banza ba. Asalin ɗan Adam ne, yana da alfarmarsa, shi ya sa aka ce kada a tara fiye da buƙata. Amma alfarmarsa ba ta kai a sa uwar yara biyu ta jefa ranta a halaka ba.

Baban Khalil: Na ji, na kuma gode. Amma ina nan a kan cewa laifin na masu haɗa shida ne alhali biyu za a mayar.

Barista: Anti Maman Tagwaye, ta ɓangaren doka abin da zan gaya miki ba mai daɗi ba ne. An fara wannan aiki a Najeriya tun shekarun 1980 a asibitin koyarwa na Legas, a hannun Farfesa Ashiru da Farfesa Giwa-Osagie, a 1998 kuma aka haifi jaririyar da Dakta Ibrahim Wada ya yi aikinta a Abuja. Duk tsawon wannan lokaci ba mu samu dokar tarayya da aka yi musamman don dashen ciki ba. An sha kai ƙudiri majalisa yana kwantawa. Abin da muke da shi Dokar Lafiya ta Ƙasa ce ta 2014. Sashe na 50 ya hana sarrafa ƙwayoyin gado don kwafar mutum, ya hana shigo da ɗan tayi ko fitar da shi daga ƙasa, da hukuncin ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba. Jihar Legas ta fitar da nata ƙa'idojin a 2019, ƙungiyar likitocin fannin ma tana da nata, amma ƙa'idar ƙungiya ba ta ɗaure wanda bai shiga ba.

Ma'ana, shekara nawa za a ajiye ƙwai, me za a yi in miji ya mutu, wa zai shaida an zubar da gaske, duk babu amsarsu a dokar tarayya. Takardar da kika sa wa hannu ranar da aka kwantar da ke, ita ce dokarki. Kina da kwafinta?

Maman Tagwaye: Barista wallahi ba ni da shi. Da rigar tiyata a jikina aka kawo mini takardun, ina rawar sanyi, nas tana nuna mini da yatsa nan da nan da nan. Shafi ya kai goma, duk Turanci. A ranar ko me aka miƙo mini zan sa hannu.

'Yar Bamingam: Wannan ne ya fi ƙona mini rai, Yaya. Ni a nan Ingila aka yi mini, sau uku, na ukun ne Allah ya ba ni ɗana. Kafin a taɓa ni da allura sai da aka zaunar da mu da mai ba da shawara, aka ba mu takardu muka tafi da su gida. Tambaya ɗaya bayan ɗaya: in kin mutu me za a yi da su, in mijinki ya mutu fa, kin yarda a yi bincike da su ko ba ki yarda ba. Ni na cike nawa, shi ya cike nasa daban. Mun yi sati muna jayayya a kan tambayar mutuwa kafin muka sa hannu.

Su ma ba da rana ɗaya suka kai nan ba. Bayan haihuwar 1978 gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mary Warnock, ya ba da rahoto a 1984, aka yi doka a 1990, aka kafa hukumar da ke ba asibitoci lasisi tana zuwa dubawa. Duk inda za a taɓa ƙwai ko maniyyi a ɗakin gwaji sai an samu mai shaida, mutum na biyu ko na'ura, ya tabbatar da suna. Ajiya a da shekara 10 ce, daga 2022 aka mai da ita har 55, amma duk shekara 10 sai an sabunta yarda.

Dokar tana da zafinta. Akwai shari'ar Evans: matar da aka cire wa ma'ajiyar ƙwai saboda alamun daji, bayan an daskarar musu da 'yan tayi shida ita da wanda za ta aura. Suka rabu, ya janye yardarsa. Ta yi ta shari'a har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, a 2007 ta faɗi. Na yi mata kuka ranar da na karanta labarin. Amma ko ba komai kowa ya san inda iyaka take tun kafin ya shiga.

Ɗan Damagaram: Hajiya, kar mu ɗauko dokar Ingila dungurungum. Dokar nan ita ce ta halatta karɓar maniyyin wani, har sai 2005 suka yarda yaron da aka samu ta haka ya san wanda ya bayar in ya kai shekara 18. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Tunisiya, inda mutanenmu na Nijar ke yawan zuwa neman magani. Tun 2001 suka yi doka: ma'aurata kawai, da ƙwansu da maniyyinsu, babu kyautar ƙwai, babu aron mahaifa. Wato abin da Malam ya karanto a fatawa, su sun mai da shi doka mai hukunci.

'Yar Bamingam: Ban ce a kwafo abin da suka halatta ba, Malam. Ido nake so a kwafo. Fatawa tana hannunmu tun 1980, amma wa ke tsaye a ɗakin gwaji yana duba an bi ta?

Maman Grace: Ni Kirista ce daga Zariya, ku ba ni dama. A cocin Katolika matsayin ya fi na kowa tsauri. Tun 1987 Batikan ta ce dashen ciki bai halatta ba ko tsakanin miji da mata, don a wurinmu rai yana farawa ne daga haɗuwar ƙwai da maniyyi. Baban Khalil, damuwarka ita ce tamu. Italiya ta gwada abin da kake so a 2004: kada a haɗa fiye da uku, kuma duk a mayar lokaci guda. Mata suka sha wahalar maimaita allura, cikin 'yan uku ya yi yawa, a 2009 kotun tsarin mulki ta soke wannan iyaka. A jihar Alabama ta Amurka kuma kotu ta ce a 2024 ɗan tayin da ke daskare yaro ne a idon doka, nan take wasu asibitoci suka dakatar da aiki don tsoron ƙara, sai da majalisar jihar ta yi musu dokar kariya. Ina riƙe da imanina, amma ƙanwata shekara 9 tana nema, na ga hawayenta, ba zan iya yi wa Maman Tagwaye hukunci ba.

Baban Sikila: Ni maganar bincike ce ta tsaya mini, kowa ya tsallake ta. Ni AS matata AS, ba mu sani ba sai bayan aure. 'Yarmu ta fari ta rasu tana shekara bakwai. Na biyun yana nan, duk sanyin hunturu a asibiti muke yinsa, ina riƙe da ƙafarsa yana cewa Baba ƙashina. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo na sikila. Yanzu ana iya ɗaukar 'yan ƙwayoyi daga ɗan tayin kwana biyar a gwada, a mayar da wanda ba SS ba. Wannan ilimin bai faɗo daga sama ba, da irin waɗannan ragowar aka koye shi. In dai ƙarshensu a bar su su mutu ne, me zai hana su amfani wani kafin nan?

Malam Na Zaure: Allah ya jiƙanta, ya ba ɗan'uwanta lafiya. Akwai malaman da suka tafi a kan haka. Majalisar Makka a 2003 ta halatta amfani da ƙwayoyin asali, wato waɗanda ke iya rikiɗa su zama sassan jiki daban-daban, daga ragowar dashen ciki don magani da bincike, in iyayen sun yarda, da sharaɗin ba za a sa su a wata mahaifa ba, kuma ba a haɗa su da gangan don binciken ba. Wasu sun tsaya a kan hukuncin Jidda. Saɓani ne na gaskiya.

Likitar Mata: A ƙasashen da ke yin binciken akwai iyakar kwana 14, rahoton Warnock ne ya ba da shawararta a Ingila. An zaɓi wannan rana ne don a nan ne wani ɗan layi ke bayyana wanda daga shi jiki ke fara tsaruwa, kuma daga nan ɗan tayi ba ya ƙara rabuwa ya zama tagwaye. A 2021 ƙungiyar masu binciken ta duniya ta sassauta matsayinta a kan iyakar, ana ta muhawara har yanzu. Kuma mun ga abin da ke faruwa in mutum ya yi gaban kansa: a 2018 wani masani a Sin, He Jiankui, ya sauya ƙwayoyin gadon 'yan tayi har aka haifi tagwaye, aka ɗaure shi shekara 3.

Amma Baban Sikila, tambayar da zan yi wa asibitin ita ce: wane bincike, a ina, wane kwamitin ɗa'a ya amince da shi? In ba su kawo takarda ba, kalmar bincike ba ta da maraba da a ce miki ki bar mana su kawai. Gwajin da kake magana a kai ma, da shi wasu ke zuwa suna cewa namiji suke so.

Admin: Wata 'yar uwa ta turo wannan ta ce a ɓoye sunanta:

"Ni matsalar daga maigida take. Shekara shida ana yi mini gorin juya kafin ya yarda aka gwada shi, aka ce babu ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsa. A wani asibiti a kudu, bayan ya fita amsa waya, wata ma'aikaciya ta matso ta ce mini a hankali akwai maniyyin da suke ajiyewa, za a zaɓo mai kama da shi, ba sai ya sani ba, mata da yawa sun yi. Jikina ya ɗauki rawa. Na ɗauki jakata na fita, har yau ban gaya masa ba don kada ya ji kunya a kan kunya. Maman Tagwaye, wurin da za a iya yi mini wannan tayin, me zai hana a sa ƙwanki a jikin wata a karɓi kuɗinta? Kada ki yarda da maganar baki."

Barista: Innalillahi. Allah ya saka miki 'yar uwa. Ko inda ake da doka an yi irin wannan cin amana: a Holan gwajin ƙwayoyin gado ya tabbatar a 2019 cewa wani likita, Jan Karbaat, da nasa maniyyin ya yi wa mata aiki, yara 49. To ina ga inda babu rajista, babu mai dubawa? Ku tuna yaran nan za su girma su yi aure. Mu da muke bin diddigin wa ya sha nonon wa kafin a ɗaura aure, yau ga hanyar da wa zai auri ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya ba wanda ya sani.

Malam Na Zaure: Abu ɗaya na manta, kuma yana da muhimmanci. Halascin mayar da su yana tare da wanzuwar aure. In miji ya rasu, ko aure ya ƙare, jumhurun malamai sun ce ba a mayar da su. Don haka ku zauna ke da shi tun kuna tare da lafiyarku, ku rubuta abin da kuke so.

Maman Tagwaye: Na dawo, ku gafarce ni kwana biyu shiru. Jiya muka je da Baban Hassana. Da farko an ce fayil ɗin yana sito, muka ce za mu jira, muka zauna awa uku har aka kawo. A shafi na takwas an rubuta cewa in wata shida ya wuce ba a biya ba, asibiti na da ikon yin abin da ya ga ya dace da su. Ga sa hannuna a ƙasa. Maigida ya karanta sau biyu, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Mun biya na shekara guda. Na nemi a nuna mini inda suke, aka kai ni bakin ƙofa na hango tukunyar, kamar babban tulun ƙarfe, ana buɗewa hayaƙin sanyi na fita. Na yi musu addu'a daga nan inda nake tsaye. Wata mai zuwa zan ga likitan zuciya da na mata. In sun ce jikina zai ɗauka, za a mayar mini da ɗaya. In sun ce a'a, mun yanke za mu bi hukuncin Jidda, kuma a gabanmu za a yi. Baban Sikila ka yafe mini, na tambaye su takardar binciken ba su da ita. Barista, me zan rubuta musu?

Barista: Ki rubuta wasiƙa ku sa hannu ku biyu. Ku ce kun janye yardarku daga abin da ke shafi na takwas. Ba ku yarda a ba kowa ba, ba ku yarda a yi bincike ba, ba a taɓa su sai da rubutaccen izininku ku biyu, kuma in za a fitar da su daga sanyi sai ɗayanku yana tsaye. Ku faɗi abin da za a yi in ɗayanku ya rasu ko aure ya rabu. Ku nemi a rubuta muku adadinsu da lambar da ke jikin kowane tsinke. Ku yi kwafi biyu, shugaban sashen ya buga hatimi a naku da kwanan wata. Ki turo mini ta akwatin sirri in duba kafin ku kai.

Hajiya Babba: 'Yata, na janye maganata ta farko, ki bi ta likita. Ranar da za ki je a gaya mana mu sa ki a addu'a.

Maman Tagwaye: In sha Allahu Hajiya, ranar Talata ta sama ne. Barista ga shi nan na turo.